Idan Sha'awa Ta Fi Ƙarfin Mutum: Ina Za A Nemi Taimako?

Mu da ke yi wa jami'an kariya tafinta a Kotobabi da Nima da Maamobi, akwai wata matsala da ake kawo mana a ɓoye, yawanci sai an gama sauran magana, mutum ya miƙe zai tafi. Ita ce matsalar sha'awar da mutum ya kasa sarrafawa. Kunya ke sa a yi shiru, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan matsala a kundinta na cututtuka, wato ICD-11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Tana kama maza da mata. Ga alamominta: mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa, har wata 6 ko fiye, abin ya cinye masa lokaci har ya bar aiki ko kula da iyali, ya ci gaba ko da ya ga kuɗin cefane na ƙarewa a katin waya wajen kallon batsa, ko wajen matan banza, wani ma ya daina jin daɗin abin, amma ya kasa bari.

A lura, ƙarfin sha'awa kawai ba ciwo ba ne, balle ga matashi. Haka nan nadama kaɗai ba ta isa a ce mutum ya kamu ba. Likita ne zai tantance.

Mu da muka baro gidajenmu mun san firgici, zaman kashe wando, rashin barci da rabuwa da iyali. Wasu da wannan hali suke rufe damuwarsu: a sami sauƙi na ɗan lokaci, baƙin ciki ya dawo, a sake komawa. Giya da ƙwaya suna ƙara raunana kamun kai. Wasu magungunan cutar rawar jiki ta Parkinson ma suna iya jawo shi, don haka a faɗa wa likita duk abin da ake sha.

Akwai magani. Babbansa shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake gano abin da ke tayar da halin, ko kaɗaici ne, ko waya da tsakar dare, a tsara yadda za a kauce. Idan akwai ciwon damuwa, a haɗa da maganinsa. Za a iya farawa daga Babban Asibitin Maamobi a nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, ko a je asibitin ƙwaƙwalwa na Accra ko na Pantang. A yi gwajin cututtukan sanyi da HIV. Addu'a da nasihar malam suna ƙarfafa zuciya. A haɗa su da asibiti.

Sai dai ciwo ba hujja ba ne na cutar da kowa. A dokar Ghana, saduwa da yaro ko yarinya da ba su kai shekara 16 ba laifi ne mai ɗaurin shekara 7 zuwa 25, ko da an ce sun yarda. Wanda aka tilasta masa, ko aka taɓa masa yaro, ya garzaya asibiti cikin awa 72 don maganin rigakafin HIV, ya kai ƙara sashen DOVVSU na 'yan sanda. Wanda kuma ke tsoron zai cutar da yaro, ya daina keɓewa da yara, ya nemi taimako yau.

Idan harshe ne matsala, ku zo ofis mu raka ku. Mace za ta iya neman mace ta yi mata tafinta. Sirrinku amana ne, sai fa inda rai ko yaro ke cikin haɗari. Allah Ya ba mu lafiya.