Darasi: Me Ke Kama Wata?

’Yan’uwa, in yara suka tsorata ranar husufin wata, ku nuna musu dalili da ido.

1. A kafa waya a katako, a soke lemo a kanta. Shi ne duniya.
2. A naɗa wata wayar a gindin ta farko yadda za ta iya juyawa. A maƙala ɗan dunƙulen laka a bakinta. Shi ne wata.
3. Da dare a hasko tocila daga gefe. Ita ce rana.

A juya wata a hankali. Da ya shiga inuwar lemo, sai ya yi duhu. Husufi ke nan, inuwar duniya ce kawai. Wata yakan sabunta duk bayan kwana 29 da rabi, amma hanyarsa a karkace take, shi ya sa galibi yakan kauce wa inuwar.