Koyon zane: daga yatsa a ƙasa zuwa fensir a takarda

A Madarunfa, yaron da ya gama firamare yakan shiga koleji, ya yi shekara 4. Can zai riƙa zana taswira, da ganye, da jikin mutum a cikin kaye. Wani uba in ya ga haka sai ya ce wasa ne, ɓarnar takarda ce. Zane ba wasa ba ne. Tela yana zana riga da alli kafin ya sa almakashi. Magini yana zana ɗaki a ƙasa kafin ya haƙa tushe. Wanda ya kuskure zane ya ɓata yadi ko tubali.

Zane kuma ba baƙo ba ne. Mata suna zanen ƙwarya da lalle. Almajiri yana yi wa allonsa zayyana. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da mutanen da suka zana a kan dutse. Tsawonsa ya fi mita 5, ya yi shekaru dubbai yana nan.

Kayan aiki

Fensir da takarda sun isa. In babu su, akwai gawayi da allo, ko yatsa da rairayi. Kada a matse fensir kamar mai riƙe hauya. A riƙe shi sako-sako, a fara da layi marar duhu, don gyara ya yi sauƙi.

Mataki na 1: layi

Kowane zane da layi yake farawa. A ja layi tsaye, da layi kwance, da karkatacce, da lanƙwasasshe. Kowane sau 10, kullum. Wannan aiki yana sakin hannu. Dattijo mai koyon baƙi a ajin yaƙi da jahilci shi ma zai ga amfaninsa.

Mataki na 2: siffa

Siffofi 3 ne uwayen zane: da'ira, mai kusurwa 3, da mai kusurwa 4. A dubi rumbu. Jikinsa kusurwa 4 ne mai ɗan ciki, jinkarsa kusurwa 3. A dubi tulu. Da'ira ce, da gajeren wuya a bisa. A fara da babbar siffa, ƙananan abubuwa su zo daga baya.

Mai son da'ira sosai ya yi yadda ake fid da bukka: a kafa turke, a ɗaura igiya, a zagaya da tsinke. Igiya mai mita 2 tana ba da ɗaki mai faɗin mita 4.

Mataki na 3: awo

A miƙe hannu da fensir, a rufe ido guda. A auna tsawon abin da babban yatsa, sannan a auna faɗinsa, a gwada su. Tsawon babban mutum ya kai kamar tsawon kansa sau 7. Shi ya sa zanen mai ƙaton kai yake kama da jariri.

Mataki na 4: nesa da inuwa

A tsaya bakin tafkin Madarunfa. Jirgin masunta da ke kusa babba ne, na tsakiyar ruwa ɗan ƙarami. Haka za a sa su a takarda. Da safe rana tana gabas, inuwar itace tana faɗuwa yamma. Gefen da ba ya kallon rana shi ake duhuntawa, duk inuwa ta bi waje guda.

Amfani ga manomi

Gona mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi tana shiga takarda. A ɗauki santimita 1 a madadin mita 10. Kowane gefe ya zama santimita 10. A sa rijiya, da gawo, da burtali, da sunan maƙwabta. Ranar da gardamar iyaka ta taso, wannan zane zai taimaka wajen tuna inda kowa ya tsaya.

Saboda haka in yaro ko yarinya na zane, a bar su. A ba su ƙwarya ko tulu su duba, su zana.

Aikin mako

1. A zana rumbu da inuwarsa ta safe.
2. Gona mai mita 80 da mita 50, santimita nawa za ta ci a takarda?