Shin Ma'aunin BMI Ya Isa Ya Nuna Ƙiba?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ce ke tambaya: shin lissafin BMI kaɗai ya isa a gane mutum yana da ƙiba?

To Malama, bai isa ba. Ana samun BMI ne idan aka raba kilon mutum da tsayinsa a mita, sannan aka sake rabawa da tsayin. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce.

Sai dai lissafin ba ya bambance tsoka da kitse. Ɗan kokawa mai murɗaɗɗen jiki yakan haura 25 ba kitse da yawa a jikinsa, dattijo mai siraran hannuwa da tumbi kuma ya tsaya a 23. Kitsen ciki kuwa shi ya fi jawo ciwon suga da hawan jini.

Na'urar DEXA tana auna yawan kitse daidai, amma da tsada. Sikelin lantarki mai auna kitse kuma, ruwan jiki yakan sauya sakamakonsa.

Ki sami tef ɗin tela ki auna ƙugunki ta wajen cibiya. Idan ya wuce rabin tsayinki, ki je ki ga likita.