Darasi: Hawan Dutse Sai da Shiri

Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama shimfiɗaɗɗiya ce. Mutanenta sun san halin Gulbin Zamfara, amma ba kowa ne ya san halin dutse ba. Ga shi kuwa 'yan makaranta da 'yan kasuwa sukan tafi yawon buɗe ido wuraren duwatsu, kamar ƙasar Zuru, da Dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau, da Tsaunin Mambila a Jihar Taraba. A Taraba ne dutse mafi tsawo a Nijeriya yake, wato Chappal Waddi, mai tsawon mita 2,419.

Abubuwa huɗu ne suka fi cutar da baƙo a kan dutse.

1. Ruwan kwazari. Gulbi yakan cika sannu a hankali. Ruwan dutse kuwa farat ɗaya yake saukowa, ko da ba a yi ruwa inda mutum yake tsaye ba. Kada a yada zango a cikin kwazazzabo.

2. Tsawa. Ta fi faɗa wa abu mai tsawo. Da an ji cida, a sauko. Kada a fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

3. Zaftarewar ƙasa. Idan ƙasa ta sha ruwa, takan zame da duwatsunta ta toshe hanya. Sare itatuwa yana ƙara wannan haɗari, domin saiwa ce ke riƙe ƙasa.

4. Hazo da sanyi. A Mambila hazo yakan rufe hanya har direba ya kasa ganin gabansa. A tsaya sai ya yaye.

Mai niyyar tafiya ya zaɓi lokacin rani. Ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Ya faɗa wa mai masaukinsa inda za shi da lokacin dawowa. Ya riƙe ruwan sha da tocila da rigar sanyi. Hukuma kuma aikinta ne ta kafa allunan gargaɗi, ta rufe hanya idan ta lalace.

Aliero ta yi suna wajen ɗorin karaya, amma rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya bambanta ruwan dutse da ruwan gulbi?
2. Ina ne bai kamata a fake ba idan ana tsawa?
3. Rubuta abubuwa uku da matafiyi zai riƙe.