Tiya Ɗaya Ta Hatsi

Tebaram tana yamma da birnin Tawa, a ƙasar Adar. Ruwan sama kaɗan ne a nan, damina kuma gajera ce. Manomi yana shuka hatsi da wake, ya jira ikon Allah. In an yi girbi sai a ɗaure damma a zuba a rumbu. Daga nan samari da yawa su kama hanyar Abijan ko Najeriya cin rani, a bar mata da yara da tsofaffi a gida.

Lokacin kaka kowa mai kyauta ne. Baƙo ya zo, a dama masa fura cike da ƙwarya. Ba a sanin marowaci a kaka. Sai damina ta yi tsaka, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa. To, a nan ne ake gane zuciyar mutum.

Dattawa ba su manta fari na 1973 ba, da yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari. A 2004 fara ta sauka, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, sai 2005 ta zama shekarar wahala a jihar Tawa. Wanda ya ga waɗannan shekaru yana tsoron gobe. Tsoron ba laifi ba ne. Amma sau da yawa rowa a bayansa take ɓuya.

Ga yadda take yi. Maƙwabci ya zo da dare, don kunya, ya ce yaransa sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mai gida yana da damma a rumbu, amma ya ce, "Ayya, mu ma babu." Wani kuma ba ya hanawa. Yakan ce, "Ga tiya ɗaya, in kaka ta yi ka kawo biyu." Yana ganin ya yi taimako. Ina taimako a nan? Ya sayi gonar ɗan'uwansa tun hatsi bai fid da kai ba. Baɗi mutumin zai sāke dawowa, da bashi a wuya.

A Luka sura 12 Yesu ya ba da misalin wani mai arziki wanda gonarsa ta yi albarka ƙwarai. Bai tuna da kowa ba. Shawarar da ya yanke ita ce ya rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci shi kaɗai. A daren nan ransa ya fita. Ka lura, mutumin ba ɓarawo ba ne. Gonarsa ce, guminsa ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauka rumbun nasa ne shi ɗaya.

Wani zai ce, "Malam, ni ba mai arziki ba ne. In na bayar, ƴaƴana fa?" Tambaya ce ta gaskiya. Ba a ce ka ba da irin shuka ka bar gona fili ba. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa mutum ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, ba don wasu su huta shi ya shiga ƙunci ba. Amma a wannan wasiƙa ya yabi masu bi na Makidoniya, waɗanda suke cikin talauci, duk da haka suka aika gudummawa ga matalautan Urushalima. Wanda ya ce sai ya yi arziki zai fara kyauta, da wuya ya fara.

Kada kuma ka tsaya kan ƴan ikilisiya kaɗai. Kirista kaɗan ne a Adar. Maƙwabcinka Musulmi ne, ya san zakka da sadaka, wataƙila ya sha aiko maka da naman layya. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar marar lafiya ko wane ne addininsa. Ƙofar gidanka ma haka ya kamata ta zama.

Kyauta ba hatsi kaɗai ba ce. Akwai aron jaki ga matar da mijinta yake Abijan, don ɗebo ruwa a rijiya mai nisa. Akwai yini ɗaya na noma a gonar tsoho. Fulani suna da habbanaye: a ba wanda ya rasa dabba aron saniya ko akuya, ta haihu, ya riƙe ƴaƴan, ya mai da uwar.

A Mizoram, can ƙasar Indiya, matan ikilisiya sun fi shekara 100 suna wata dabara. Duk sa'ad da mace za ta dafa shinkafa, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta ajiye gefe domin aikin Allah. Gidan ba ya jin an rage kome. Uwargida a Tebaram tana iya yin haka da hatsi kafin ta zuba a turmi. In gida 10 suka fara tun kaka, suka tara wuri ɗaya, kafin Agusta akwai abin auna wa wanda ya zo da dare, ba tare da an ce ya kawo biyu ba.