Yadda Baƙo Zai Bi Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa a Birnin Landan

A darasin Labarin Ƙasa mukan koya wa 'yan aji ɗaya cewa taswira hoton ƙasa ce da aka rage girmansa, kowane inci a takarda yana daidai da wani nisa a ƙasa. To, akwai wata sananniyar taswira da ba ta bin wannan doka ko kaɗan, amma da ita miliyoyin mutane ke samun hanyarsu kowace rana. Ita ce taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan. Tun da yake waɗansu cikin tsofaffin ɗalibanmu suna tafiya Ingila ƙaro ilimi, fastocinmu kuma sukan je taron ikilisiya, ya kamata mu san yadda ake karanta ta.

An buɗe wannan hanyar jirgi ran 10 ga Janairu, 1863, tsakanin Paddington da Farringdon, ita ce kuwa ta fari a duniya. A lokacin da kwal jiragen suke aiki, fasinja na tafiya yana shaƙar hayaƙi a cikin rami. Yau akwai layi 11 da tasha 272, tsawon hanyar duka ya kai kilomita 400. Ko da yake sunansa jirgin ƙarƙashin ƙasa, fiye da rabin hanyar a fili take, sai an doshi tsakiyar gari yake nutsewa.

Wanda ya tsara taswirar sunansa Harry Beck, ma'aikacin kamfanin jirgin ne mai zanen wayoyin lantarki. Ya lura cewa mutumin da ke cikin rami bai damu da wace unguwa ce bisa kansa ba. Abin da yake so ya sani shi ne tasha ta gaba, da inda zai sauya jirgi. Saboda haka ya miƙe layukan sumul, ya buɗa tsakiyar gari inda tashoshi suka cunkushe, ya matse na bayan gari. Cikin abubuwan da ke bisa ƙasa bai bar kome ba sai Kogin Thames. Da ya kai zanen a 1931 shugabanninsa suka ƙi shi, sai a 1933 aka buga, jama'a kuwa suka karɓe shi hannu biyu. A ganina duk ɗalibin da ke raina zane a aji, ya yi tunani a kan wannan mutum.

Amma fa a nan ne baƙo yakan ruɗe. Taswirar ba ta faɗin nisa. Tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden bai kai mita 300 ba. Kafin ka sauka cikin rami, ka jira jirgi, ka sake hawowa, mai tafiya a ƙasa ya riga ka isa, kuɗinsa kuma na aljihunsa.

Abu uku za ka nema a taswirar: launin layi, jihar da za ka nufa, da tashar ƙarshe ta jirgin. Kowane layi da launinsa. Central ja ne, Northern baƙi, District kore, Circle ruwan ɗorawa, Piccadilly shuɗi mai duhu. A bakin dandamali za ka ga allo yana nuna ko jirgin gabas ya nufa ko yamma, ko arewa ko kudu, da jerin tashoshin da ke gaba. In sunan tasharka ba ya cikin jerin, ba dandamalinka ba ne.

Bari mu gwada. A ce ka sauka a filin jirgin sama na Heathrow, kana so ka je babbar majami'ar St Paul's. Za ka shiga layin Piccadilly mai zuwa gabas, ka zauna wajen minti 50 har tashar Holborn. A nan ka sauka, ka bi alamar ja zuwa layin Central mai zuwa gabas. Ka wuce Chancery Lane, ta biyu ita ce St Paul's. Ba ka tambayi kowa ba.

Komowa ita ce mai haɗari. Layin Piccadilly yana rabuwa biyu a tashar Acton Town: reshe ɗaya ya nufi Heathrow, ɗayan ya nufi Uxbridge. Launinsu ɗaya, a dandamali ɗaya suke tsayawa a cikin gari, ba kuwa yaron mota da zai yi maka kira kamar a tashar Bauchi ko Kafanchan. Sai ka karanta sunan da ke goshin jirgin da na allon da ke bisa dandamali. Wanda ya shiga da ka, ranar da zai koma gida, yana iya samun kansa a wata unguwa dabam jirgin samansa na shirin tashi. Layin Northern ya fi wannan rikici, gama a tsakiyar gari ma hanya biyu yake bi, ɗaya ta Bank, ɗaya ta Charing Cross. Mai son ganin ɗakin sujadar John Wesley, wanda ya kafa Metodis, tashar Old Street zai sauka, ita kuwa a reshen Bank take.

Game da kuɗi, an kasa birnin shiyya-shiyya kamar zobba. Tsakiyar gari ita ce shiyya ta 1, Heathrow na cikin ta 6, kuɗin tafiya kuma ya dangana ga shiyyoyin da ka ratsa. Tikitin takarda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Gara ka sayi katin Oyster, wanda aka fito da shi a 2003, ka zuba masa kuɗi, ko ka yi amfani da katin banki irin wanda ake dangwalawa. Ka dangwala a ƙofar shiga, ka dangwala a ƙofar fita. In ka manta na fita, za a cire maka kuɗi mafi yawa. Mutum biyu ba sa tafiya da kati ɗaya, amma yaro ɗan ƙasa da shekara 11 kyauta yake shiga in yana tare da babba. Daga Litinin zuwa Jumma'a, ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4 zuwa 7 na yamma, lokacin ma'aikata ne: ga tsada, ga matsi. Mai manyan akwatuna ya yi haƙuri su wuce.

A kan matakala mai tafiya da kanta, ka tsaya a hannun dama, hagu na masu gaggawa ne. Ka bar masu fita su fita tukuna, ka kuma dubi ratar da ke tsakanin jirgi da dandamali kafin ka taka. Kada ka ji haushi in ka yi gaisuwa a cikin tarago ba wanda ya amsa, haka al'adarsu take. Ma'aikatan tasha dai suna amsa tambaya da fara'a. Yawancin layuka sukan daina aiki wajen tsakar dare, sai dai waɗansu da ke kwana suna aiki daren Jumma'a da na Asabar.

Ka kuma tambayi mai masaukinka tun kana gida ko unguwarsa na da tasha. Kudancin kogi tashoshin kaɗan ne. Peckham, inda 'yan Nijeriya da yawa ke zaune, ba ta da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ko ɗaya. Da bas ko da jirgin ƙasa na fili ake zuwa can, bas ɗin kuma tun 2014 ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati.