DARASIN LAFIYA: YARON DA KE HAKI BA RAGO BA NE

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani ciwon zuciya ne wanda ba a cika samunsa ba, amma yakan kama yara da samari.

Yadda ciwon yake

Zuciya kamar injin ban ruwa take. Tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu. Kowace ƙofa takan buɗe jini ya wuce, sa'an nan ta rufe don kada ya komo baya. Mu mutanen bakin kogin Haɗejiya mun san abin da ke faruwa in jinga tana da rauni a wuri ɗaya. Nan ruwa zai yi ta duka har ya ci ta. Haka nan in bangon zuciya yana da rauni a gindin ƙofa, jini yakan tura wurin har ya kumbura waje kamar jaka. Yawanci a gefen hagu na zuciya ake samun wannan.

A shekarar 1962 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan suka rubuta bayanin ciwon nan. An fi ganinsa cikin baƙar fata na Afirka. Likitoci suna ganin sau da yawa da raunin ake haihuwar yaro. Ba sammu ba ne, ba kuwa laifin uwa ba ne.

In jakar ta yi girma, takan hana ƙofa rufuwa sosai, zuciya ta gaji. Jini yana iya daskarewa a ciki, ko kuwa jakar ta fashe.

Alamu

1. Haki bayan ɗan aiki kaɗan ko wasa.
2. Kumburin ƙafafu ko ciki.
3. Bugun zuciya da sauri, ko ciwon ƙirji.
4. Kasa kwanciya sai an tokare shi da matashi.

Ku lura, akwai wani ciwon da ya fi wannan yawa ƙwarai, alamunsu kuwa kusan ɗaya ne. Shi ne lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi waɗanda ba a yi wa magani ba. Maganin fenisilin da wuri yana hana shi. Hoton zuciya ne ke rarrabe su.

Magani

Ƙwaya takan rage kumburi da haki, amma ba ta kawar da jakar. Sai aiki. Likitoci sukan haɗa yaro da inji mai yin aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, su rufe bakin jakar da ɗinki ko faci, su gyara ƙofar ko su sa sabuwa. An fara irin wannan aikin buɗe zuciya a Nijeriya a Inugu cikin 1974. Aiki ne mai tsada, yana kuma da hatsari, amma jinkiri ya fi shi hatsari.

Abin da ƙungiya za ta yi

Kada a yi wa yaro tsaga ko ƙaho. A kai shi Babban Asibitin Haɗejiya, a roƙi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin hoton zuciya. Kada a ce sai bayan girbin shinkafa, gama ambaliya takan yanke hanya, kamar yadda muka gani a 2022. Lalle kowace ƙungiya ta ware hatsi ko kuɗi da kaka domin kuɗin mota da na gwaji.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Akwai yaro a ƙauyenmu da muke kira rago alhali haki yake yi?
2. Mudu nawa kowane gida zai iya bayarwa bana?